A Jira Watan Maris

Sansanin gandun daji, kudu da Garwa, Kamaru
18 ga Oktoba

Ƙanwata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulmalik da yara da mutanen Illela baki ɗaya. In kin shiga ƙauyenmu Lafani ki gaida Baba, in zai amsa.

Takardarki ta iso. Nan babu sabis, sai direban da ke yi mana cefane ya shiga Garwa ya buɗe waya, ya kawo mini in karanta. Wannan ma haka za ta zo miki, hotonta zai ɗauka ya tura.

Sau uku na karanta inda kika ce Baba yana son ya zo ya ga raƙumin dawa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗaukar Turawa da manyan 'yan birni a mota ina nuna musu namun daji, bai taɓa tambayar wane irin aiki ne ba. Ranar da Baffa Atiku ya ce a gaban jama'a wai na bar shanun gidanmu na tafi gadin shanun aljanu, waɗanda ake korar makiyaya dominsu, Baba yana zaune, bai ce uffan ba. Na san ni ɗan fari ne. Ba ya kama sunana, ba ya duban idona, haka muka taras ana yi, ban isa in canza ba. Amma akwai shirun kunya, akwai na fushi, ni kuma na daɗe da kasa rabe su. Da Inna ta rasu na kwana uku a gida, ko sannu da hanya ban samu ba. Ni ma ban kyauta ba, na tafi kafin addu'ar bakwai don ina da baƙi. Kada ki ce duka na ɗora masa.

To, ya zo. Amma ba yanzu ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gamba ta fi mota tsawo, giwa na iya tsayawa taku goma daga gare ka ba ka gan ta ba. A Disamba ake buɗe ƙofa, sai dai lokacin gaskiya shi ne Maris, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, kowace dabba ta gangaro kogi dole. Ba zan sa tsoho ya yi kwana uku a hanya, Sakkwato, Kano, Yola, Garwa, ya zo ya kalli ciyawa ba.

Kafin nan ku yi masa fasfo da katin allurar shawara. A ɗinka masa riga ruwan ƙasa. Fara tana korar dabbobi, shuɗiyar nan tasa kuma ƙudan tsando zai bi ta kamar ya ga zuma. Daga sallar asuba muke fita, in rana ta take mu dawo, sai kuma la'asar. Ba a sauka daga mota. Ki nanata masa wannan. Ɓauna ba saniya ba ce, ba a yi mata magana ta ji.

Ki gaida Goggo Altine. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Mannir

Illela
21 ga Disamba

Hamma Mannir,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, yara suna gaishe ka, Hindatu ta ce ka zo mata da ɗan biri, na ce ta isa biri ita kaɗai.

Na kai takardarka Lafani. Ka san ba zan zauna gaban Baba in ce ga saƙon wane ba, don haka Goggo Altine na karanta wa, da ƙarfi, shi kuma yana gefe ya ba mu baya yana tufkar igiya kamar ba ya ji. Na tsallake farkon, ka yafe ni. Da na zo kan maganar ɓauna sai ya aje igiyar.

Ya ce da Goggo, "Mi yac ce?"

Goggo ta ce, "Wai ɓauna ba saniya ba ce."

Ya ce, "Madalla. Ashe an yi karatu. Ni da nig ga raƙumin dawa yana cin ƙaya tsakiyar shanunmu arewa da Ƙwanni, tun ba a yaye uwatai ba, ni za a koya wa dabba."

Goggo ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun Inna tana da rai. Ya ba mu labarin yadda suke kwana daji ɗaya da su kafin babban fari, wai in sun ruga kamar ba su taka ƙasa.

Abdulmalik ya ce masa ai akwai su a Nijar, wajen Dosso, in hanya ta yi kyau kwana ɗaya an isa, mi zai kai mu Kamaru? Baba ya ce, "Ba waɗanga ba." Ka auna wannan da kanka.

Fasfo ya fito, an yi allura, an ɗinka rigar. Ya sa ta Juma'a biyu a jere, Baffa Atiku yana ta yi masa tsiya wai ya zama ɗan gandun daji.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ce da Goggo a tambayi mutumin Kamaru, tunda an buɗe ƙofa, ko ana iya zuwa cikin watan nan. Hamma, don Allah kada a ja lokaci. Ba sai an ga garke ba. Ko guda ɗaya ne, ko daga nesa. Abdulmalik ya sami hutu, a shirye muke mu taso jibi in ka ce to. Kada a ja lokaci.

Ƙanwarka,
Sakinatu

Sansani
9 ga Janairu

Sakinatu,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin labarin rigar. Na yi dariya ni kaɗai, abokan aiki suka ɗauka zafi ne ya taɓa ni.

Amma maganar zuwa yanzu, a'a. Aikina ne, ku bar ni in yi shi yadda na sani. Makon jiya na yi kwana huɗu da wasu baƙi, abin da muka gani gwaggon biri ne da wutsiyar mugun dawa, wato aladen daji, tana shigewa rami. An ƙone ciyawa, daji duk toka, kuma har yanzu kowane kwari da ruwansa, dabbobi sun watsu babu mai bukatar kogi. Raƙumin dawa kuwa a nan ba su da yawa. Kina cewa ko guda ɗaya kamar a kara ake ɗaure su. Ana iya yin mako ba a ga ko sawunsu ba.

Zan faɗa miki gaskiya. In Baba ya zo bai ga kome ba, ba zai yi magana ba, kin san shi. Zai hau mota ya koma, Baffa Atiku ya sami abin faɗa har ƙarshen ransa, ni kuma in tabbata mutumin da ya bar gida saboda banza. Sau ɗaya zai zo wurin aikina a duniya. Ina son ya ga abin da ya riƙe ni.

Na kama mota ranar ashirin da biyu ga Maris, ni zan tuƙa da kaina, ba za a haɗa shi da wasu baƙi ba. Na kama ɗakin da ke bakin kogi, inda ake jin dorina daga kan tabarma. Na ari madubin hangen nesa mai kyau. Akwai wata mashaya da raƙuman dawa suke saukowa duk shekara a wannan lokaci, ban taɓa zuwa a Maris na rasa su ba.

Na jira shi shekara goma sha huɗu. Ya jira ni wata biyu.

Ki gaida kowa.

Mannir

Illela
10 ga Maris

Hamma,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa kai tsaye. Baba ya daina gani.

Tun Satumba muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da za a kankare. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta bakin kwalba, kuma watanni ne suka rage, ba shekara ba. A mota muna dawowa, mun wuce Gwadabawa, ya fara maganar raƙumin dawa. A nan kuma ya sa na rantse. Ya ce, "In kin gaya wa wancan ban yafe ba. Uba ba ya roƙon ɗan fari." Na ce Baba ai ba roƙo ba ne, labari ne. Ya ce, "In ya ji, tausai za ya kawo shi. Ban so."

Babu wanda ya gane a Lafani. Sanda dama kowane makiyayi yana riƙe da ita, shanunsa kuma da kuka yake sanin su. Juma'ar da ta wuce aka sallame, kowa ya watse, shi ya zauna. Bai ga ƙofa ba, kuma ba zai tambaya ba. Yana nan zaune cikin masallaci har aka kira la'asar, Baffa Atiku ya taras da shi. Shi ya riƙo hannunsa zuwa gida, Baffan yana kuka a hanya kamar ba shi ba.

Da na je washegari, Baba ya ce da ni, ba ta bakin Goggo ba, ni ya ce wa, "Yanzu ki faɗa mishi. Ba roƙo na ba kuma." Ya ce a gaya maka ka saki motar, a ba mai ido wurin.

Hamma, na san za ka yi fushi da ni, kuma kana da gaskiya. Na rubuta maka kada a ja lokaci, na sake rubutawa, na zauna ina addu'a ka gane. Na yi tunanin karya rantsuwar fiye da sau ɗari. Da takardarka ta Janairu ta zo ban karanta masa layin ƙarshe ba. Na ce ka ce sai Maris. Ya ce, "To. Shi ya san dajinsa."

Yana cin abinci, yana sallah, da safe a kai shi garke ya zauna. Rigar tana rataye. Fasfon yana wurina, ban san abin da zan yi da shi ba.

Ka yi mana addu'a.

Sakinatu

Sansani
23 ga Maris

Sakinatu,

Na gaishe ki. Takardu biyu na rubuta miki na yaga, don abin da ke cikinsu bai kamaci ɗan'uwa ba. Layi ɗaya, Sakinatu. Da kin rubuta layi ɗaya, da na ɗauke shi cikin gambar Oktoba na yi ta yawo da shi har mu ga ko kunnen guda.

Amma na koma na karanta takardarki ta Disamba. Kin faɗa, iya yadda mai rantsuwa zai iya faɗa. Ni na karanta na ce gaggawar mutanen gari ce waɗanda ba su san daji ba. Mutumin da bai taɓa neman kome wurina ba ya aiko a tambaye ni ko ana iya zuwa, ni kuma na tsaya yi masa bayanin ciyawa. Baƙon da ban sani ba, in ya yi shiru a bayan mota, nakan gane ƙishirwa yake ji ko tsoro. Ubana ya yi magana ban ji ba. Ba ke kika yi ba. Shi ya yi rabi da kunyarsa, ni na yi rabi da son a ce na iya.

Ban saki motar ba. Jiya bayan asuba na fita ni kaɗai, na je mashayar. Sun zo, goma sha ɗaya, ban taɓa ganinsu da yawa haka ba. Suka tsaya kusa har ina jin numfashinsu, babban ya ware ƙafafu ya sunkuya ya sha. Na zauna da madubin a kan kujerar da babu kowa har rana ta take. Na yi daidai game da Maris, ga amfanin da ya yi mini.

Ban san ko in zo ba. Ya ce ba ya son tausayi, ni kuwa ba ni da wani abin da zan riƙo. In zuwana zai ƙara masa nauyi, gara in zauna inda nake. Ke kike kusa da shi. Wannan karon ki karanta masa duka, kada ki tsallake kome, sannan ki gaya mini.

Allah ya ba shi haƙuri, ya ba mu.

Mannir

Illela
30 ga Maris

Hamma,

Na karanta masa duka.

Yau da safe a garke ya ce a tambayi mutumin Kamaru, cikin goma sha ɗayan nan nawa ne mata, kuma akwai mai ciki?

Na ɗauko biro. Ya ji motsina, ya ce ba ya son amsa a takarda.

Sakinatu