Kalma Ɗaya Daga Bakin Inna

Paris, Janairu 1946

Zuwa ga ƙanena Salifu, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya Inna, yaya ƙanwarmu Raliyatu da maigidanta? Ni alhamdulillahi, ƙafar da ta samu rauni ta fara ɗaukata, likitocin soja sun ce ba za a yanke ta ba.

Takardarka ta iso. Ashe na mutu ban sani ba! Ka ce Hasumi, wanda muka tafi soja tare, shi ne ya koma gida ya rantse a gabansa na faɗi, har kuka yi mini sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. To, Allah ya karɓa. Ka gaya masa faɗuwar gaskiya ce, amma Jamusawa sun tsince ni da raina, na yi shekaru ina sare musu itace a sansanin fursunoni, a bayan waya. Ina fata dai wainar sadakata ta yi daɗi.

Nan yaƙi ya ƙare, yunwa ce ba ta ji labari ba. Burodi sai da tike, wato takardar rabo, gawayi sai da tike. Har yanzu ana maganar bom ɗin da Amurka ta jefa wa Japan, wai guda ɗaya ya share gari. Ni na daina mamakin abin da Nasara zai iya.

Ga abin da ke cina. Na bi gaisuwar da ka jero ɗaya bayan ɗaya, har da ta Tanko mahauci da ba ma shiri, amma ban ga ta Inna ba. Na sani, ni ɗan fari ne, kunyata take ji. Tun ina yaro ba ta taɓa kama sunana ba, daga "wancan" sai "yayanku". In zazzaɓi ya kama ni Kaka ake kira ta zo ta duba. Ban taɓa ƙorafi ba. Amma wanda ya dawo daga kabari ai ya ci a ɗaga masa ƙafa sau ɗaya. Ka ce mata kalma ɗaya nake so, daga bakinta.

Ka gaida kowa da kowa.

Yayanka,
Munkaila


Saint-Fons, kusa da Lyon, Oktoba 1946

Ƙanena Salifu,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya kaka ta bana? Allah ya sa gero ya yi.

An sallame ni daga asibiti, jirgin ruwan komawa bai samu ba, sai na biyo wani abokina nan. Ina aiki a masana'antar haɗa sinadarai, hayaƙinta yana cin riga kamar gara. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, Madam Lina, wadda aka tafi da ɗanta Jamus bai dawo ba. Safe da yamma sunansa ne a bakinta, tana shafa hotonsa a gaban baƙi. Da farko na ce wannan wace irin rashin kunya ce. Yanzu kuwa, Allah ya yafe mini, kishin mamaci nake yi.

Jaridu sun ce an soke aikin dole a ƙasashenmu, ka faɗa mini ko labarin ya kai kunnen kumandan, Baturen mulkin garinmu. An kuma yi wa manyan Jamus shari'a, an rataye wasu. Mutane sun yi ta murna, tsohuwar nan ko gezau.

Raliyatu ta sa an rubuto mini abin da ka ɓoye. Ranar da Hasumi ya kawo labarin mutuwata, Inna ta fito har bakin titi ba mayafi, tana kiran Munkaila, Munkaila, sai da muryarta ta dushe. Da aka ji ina raye, matan unguwa suka mayar da abin tsokana a wajen biki. Shi ya sa ko an buɗe takardata sai ta tashi ta kama daka.

Ka ji fa, Salifu. Sai da na mutu na samu uwa. Da na tashi aka ƙwace.

Yanzu an ba ni wuri a jirgin da zai tashi daga Marseille wata mai zuwa, na ce su ba wani. Na sha sanyi, na sha duka, na binne abokai da hannuna, ba zan ƙetare teku in zo in sake zama "wancan" a tsakar gida ba. Ta aiko da kalmar, in hau na gaba. Ka karanta mata wannan ko da tana bakin turmi.

Yayanka mai kewarku,
Munkaila


Saint-Fons, Satumba 1947

Salifu,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Raliyatu kuna lafiya. Ni da sauƙi, tari ne kawai tun sanyin da ya wuce.

Labarin duniya ba daɗi. Burodi ya koma rawaya don garin masara suke zubawa. Ingila ta saki Indiya, Faransa kuma ta buɗe sabon yaƙi a Indocin, can Asiya, har ana neman irinmu mu sake sa kaki. Su nemi wasu.

Takardarka ta same ni a ƙofar masana'anta. Ka rubuta cewa Inna ta ce a gaida ɗanta Munkaila, tana kewarsa, ya dawo gida. Wallahi na yi murna. Na nuna wa Madam Lina rubutun da ba ta iya karantawa, ta rungume ni tana kuka. Sai da na zauna na sake karantawa na gane.

Na san matar da ta haife ni. Da ita ce, cewa za ta yi a tambayi wancan ko suna da bargo a can. Iyakarta ke nan, kuma da ya ishe ni, yau na san da ya ishe ni. Wannan magana mai daɗi taka ce.

Kai ma na san ka. Da girmanka da gemunka, in Inna ta yi gyaran murya a ɗaki sai ka sauke taka. Ba ka da zuciyar da za ka sa mata magana a baki alhali tana zaune a gidan, tana iya ji. Ka yi ne don babu mai tsawata maka kuma.

Ban ji haushinka ba, tausayina ka ji. Amma kada ka ƙara gaishe ni da bakinta. Ka rubuto mini gaskiya: yaushe ne, me ya same ta, wa ya yi mata wanka, a ina aka sa ta. In kuma jirgin da na ƙi hawa zai iske ta da rai, wannan ma ka faɗa mini, kada ka rage.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Ɗanta na fari,
Munkaila