Ƙofar Sito da Rabin Zancena

Zuwa ga Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Yara lafiya lau, sai kewarki.

Kin san mai kamfani ya ɗora ni manajan masu haɗa kujeru, gwajin wata uku. To, ina ganin ba zan kai ba. Kin kuma san halina: in ɗauko magana in ajiye ta a tsakiya. A gida ke kike ƙarasa mini. In na ce "wancan abin", sai ki miƙo mini tabarau. Ashe shekara ashirin kina rufa mini asiri ban sani ba.

Ranar Litinin na tsaya gaban ƙofar sito, na girgiza kai, na ce wannan ƙofar kuwa, sai wayata ta yi ƙara na wuce. Wallahi nufina a ɗiga mata mai, ƙugi take yi. Tsohon manaja ya saba zagin duk wanda ya tambaye shi, saboda haka ma'aikatan nan sun koyi karanta fuska maimakon tambaya. Mai fenti ya karanta tawa, ya shafe ƙofar da kore. Kafinta ya karanta, ya ɓalle ta. Birkila ya zo ya tarar da gurbi, ya ce ai manufar manaja ke nan, ya toshe shi da bulo har da filasta.

Yanzu kujerun makaranta ɗari uku suna cikin ɗakin da ba shi da ƙofa, kuma jibi za a zo ɗauka. Su ukun kowa na jiran yabo. A bayan idona kuma suna kirana Rabin Zance. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban Yara

Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara tashi.

Na tara mai fenti da kafinta da birkila. Na faɗi magana tun daga kanta har wutsiyarta: birkila ya fasa bangon yau kafin azahar, kafinta ya mayar da ƙofar, a ɗiga mata mai, koren kuma a bar shi tunda ya yi kyau. Na sa kowa ya maimaita abin da ya ji. Birkila har ya rungume ni, wai tun da ya fara aiki bai taɓa sanin abin da ake so da shi ba sai ranar. Kujeru sun tafi a kan lokaci.

Da yamma mai kamfani ya dube ni, ya ce kai kuwa, ya shiga mota. A nan na ɗanɗana abin da nake yi wa mutane. Na bi shi da gudu, na ƙwanƙwasa gilashi, na roƙe shi ya ƙarasa. Ashe tabbatar da ni ya yi a matsayin manaja.

Saura guda. Ranar da na raka ki tasha na ce "To, ke dai…", mota ta tashi. Wannan kam ba zan bar miki ki ƙarasa ba. Ina sonki, gidan nan ba daɗi in ba kya ciki, ki dawo da zarar Inna ta warware.

Mijinki,
Rabin Zance mai ritaya