Kwalin Magani Zuwa Vava'u

Yaya Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa daga Robinvale, nan ƙasar waje, da fatan ke da Baba da yara kuna lafiya a can gida, tsibirin Vava'u. Kin ce ciwon sukari ya sa ƙafafun Baba zafi kamar yana taka garwashi, amitiriftilin ɗin asibiti kuma bai tsinana komai ba sai busar da baki da gyangyaɗi a coci. Na san halin maganin, shi aka fara ba ni lokacin da jijiyar bayana ta taɓu a gonar lemo. Aka canja min gabafentin, jiri ya kusa jefo ni daga tsani. Firegabalin da nake sha yanzu ya fi su kwantar da zafin, sai dai kumburin ƙafa da mantuwa. Semisi, abokin ɗakina, har Kaka yake kirana.

Kin ce in aiko wa Baba nawa. Kin san a wurinmu namiji ba ya ce wa 'yar'uwarsa a'a, shi ya sa ba ki tambaya ko ina da rara ba. Ba ni da ita. Na dai ba matar fasto kwalina, za ta kawo. Kada Baba ya haɗa shi da kava, abin shan nan namu mai kashe jiki.

Ƙaninki,
Filimone

Filimone,

Allah ya yi maka albarka. Baba ya taka har coci da ƙafarsa. Gwaggo Sela ta gani, ta ce ita ma gwiwarta na damunta. Wa zai hana yayar Baba abu? Ya raba mata rabi. Yanzu ya ƙare, Baba kuwa sai gumi da makyarkyata, ba barci, yana yi wa jikoki tsawa. Maƙwabta sun ce mutanen maƙabarta ne suka taɓa shi, mun kira mai ganye. Aiko kwali biyu.

Yayarka,
Kalolaine

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba mutanen maƙabarta ba ne. Abin da ke damun Baba shi ya kwantar da ni tun da kwalin ya bar hannuna: gumi, tashin zuciya, zafin ya dawo ya fi na da, har aikin makon nan ya wuce ni. Na gaya wa likita gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wannan magani ba a yanke shi lokaci guda, a hankali ake ragewa, kuma abin da ya dace da ƙato kamar ni zai iya yi wa ƙodar tsoho yawa. Na roƙe ta ta rubuta na Baba, ta ce, "Ba zan rubuta wa mutumin da ban taɓa gani ba." Na ji haushi, amma tana da gaskiya.

Ban ga laifinki ba, ke kike jin nishinsa, ni ina nan ina tsinkar lemon wasu. Amma ba zan aiko ba, Yaya. Ki kai shi asibitin garin Neiafu da kwalin da ya ƙare, a duba Gwaggo ma. Ki yafe min.

Filimone

Filimone,

Mun kai shi, sun kwantar da shi, ya fara samun barci. Ya tambayi wanda ya hana maganin, na ce likita ce. Gwaggo ba ta ce a gaishe ka ba. Ni na gaishe ka.

Kalolaine