Ba Laifin Fad Ba Ne

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yaran, da ƙafar nan taki mai ciwo in an yi sanyi. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko saƙon waya sai kin yi mini gori nake amsawa. Maganar ce ba zan iya faɗa da baki ba.

Kin san wasan tseren motar nan na kwamfuta da muke yi ran Asabar da yamma a shagon Mai Gem, wanda kike cewa ƙato da ni, direban motar makaranta, na tuƙa ta gaske duk mako sannan in je in tuƙa ta ƙarya. To, shekara uku ba wanda ya kayar da ni. Da fad nake yi, wato abin riƙewar nan mai maɓallai, inda babban yatsan hagu ke tuƙi, na dama ke ba da wuta. Yau mako biyar ke nan ina shan kashi. Duk kwanar da na zo, sai motar ta makara, ta daki bango. Na ce fad ɗina ne ya tsufa, don maɓallin tuƙin yakan saki. Na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya goge, ya ce lafiyarsa lau. Na ce bai san aikinsa ba, na sayi sabo. Haka dai.

Sai Mai Gem ya ce in gwada kujerar da ya kawo, mai sitiyari da birki da totur kamar mota sosai. Ina hawa kuwa na zo na ɗaya. Abokai suka yi ta ihu wai direba ya koma gidansu, wai dama sitiyari ya fi fad a kwana. Na yi dariya tare da su. Amma Yaya, ni na ga abin da ba su gani ba. Hannun dama ne ya yi tuƙin duka. Na hagu ɗora shi kawai na yi.

Kada ki gaya wa Umma komai tukuna. Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga amsarki, na gode. Kin ce in je asibiti gobe-gobe. Ban je ba. Ki yi faɗan, na cancanta.

Ran Asabar na ce wa Dogo mai walda mu yi musanya. Ya karɓi fad ɗina, wanda nake ta zagi, ya zagaye filin sau uku ko gefen titi bai taɓa ba. Na karɓi nasa, na daki bango a kwanar farko. Ina kallon yatsan nan, ina ce masa tafi, yana tafiya a makare kamar wanda aka tasa daga barci. Na ce musu kaina ke ciwo, na fito. A bakin shagon na cije yatsan da ƙarfi, wallahi kamar na ciji tsumma.

Duk da haka ran Litinin na ɗauki mota. Na ce wa kaina ai da sitiyari lafiya nake, na gani da idona a shago. Dubi wautar, don Allah! A shataletalen da ke kafin makaranta, da yara ashirin da shida a bayana, hannun hagu ya sulale daga sitiyari ya faɗo cinyata, ban ma ji faɗuwarsa ba. Motar ta hau dakalin gefen titi, na fizgo ta da dama. Yaran suka yi shewa, sun ɗauka wasa nake musu. Wata 'yar aji ɗaya har da tafi, wai in sake.

Da na sauke su, na fi rabin awa a zaune cikin mota. Baba nake ta tunawa. Kin tuna da kofin shayi ya fara, yana suɓuce masa yana cewa kofin ne mai santsi, kafin ɓarin jikinsa ya shanye? Ni kuma fad na samu na ɗora wa laifi.

Tsoro nake ji, Yaya. In na faɗa, aikin ya tafi, kuma ban iya komai ba sai tuƙi. In na yi shiru, 'ya'yan mutane ne. Maman Yara ma ba ta sani ba, tana dai tambayata me ya sa na koma cin abinci ba magana.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Auta

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kwana biyu na ce musu ba ni da lafiya ban fita ba, jiya kuma na kai wa shugabar makaranta makulli, na gaya mata gaskiya duka, har da shataletalen. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai zauna, ta dafe ƙirji, don jikarta tana cikin motar ran nan.

Daga nan Maman Yara ta raka ni asibiti, tana kuka tana yi mini masifa a hanya. Likita ya sa na matse yatsunsa, ya sa na rufe ido na miƙa hannuwa. Ya tambayi yaushe abin ya fara, na ce mako bakwai. Ya ajiye biro ya dube ni. Na ba shi labarin wasan, ina jin kunya, amma bai yi dariya ba. Ya ce fad ɗin ne ya tona abin da wuri, tunda yatsa ɗaya ke aikin ba mai taya shi, sitiyari kuwa ya rufa mini asiri ne don hannu biyu ke riƙe shi. Ran Alhamis za a ɗauki hoton kaina. Bai ce komai game da abin da yake zato ba, ni kuma na kasa tambaya.

Yau da safe na tsaya a ƙofar gida, motar ta wuce da sabon direba. Yaran suka hango ni, suka leƙo ta taga suna kiran Baba Direba, suna ɗago mini hannu. Jakar magani tana hannuna na dama, sai na ɗaga na hagu in amsa musu. Bai wuce ƙirjina ba, Yaya. Har suka sha kwana ina ƙoƙari.

Ki zo kafin Alhamis, don girman Allah. Yanzu kam ki gaya wa Umma, amma ki zaunar da ita tukuna.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai jiran ki,
Auta