Takalman Ƙanƙara a Garin Gumi

Rio, Maris 1809

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya tarin Baba, ya lafa? Ni lafiya lau nake, zazzaɓin da ya kwantar da ni mako biyu ya sake ni, sai dai wandona ya yi mini yawa.

Inna, abin kunya muke yi a nan. Kin san abin da iyayen gidanmu na Sheffield suka cika jirgi da shi? Takalman zamiya a kan ƙanƙara, zuwa garin da man shanu ke narkewa tun kafin ya taɓa burodi! Tun a gida na gaya wa maigidana Mista Hattersley na karanta cewa ruwa ba ya daskarewa a ƙasar nan. Ya ce, "Kai Enoch, rufe mana baki. Duk mai ƙafa mai saye ne."

Jiya wani mahauci ya ɗaga ɗaya yana dariya, ya ce, "Ɗan Ingila, a kan gumi zan zame?" Ya saya, ya ɓalle ƙarfen da ke ƙasan takalmin a gabana, ya wasa, ya kama yankan nama. Sauran suna tsatsa a bakin teku.

Don Allah ki hana ƙanena Jabez barin maƙerar Kawu Amos saboda masana'antar takalman nan. Kafin hunturu za su sallami mutane. Ya riƙe ƙirar wuƙarsa. In ya yi gardama, ki ce masa ƙwaya ɗayan da na sayar ma, wuƙa aka mayar da shi.

Allah ya bar mana ku.

Ɗanki,
Enoch