Fitilar Sarkin Sani

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kin tambaye ni abin da na yi da akwatin gilashin kifin marigayi maigidana, wanda kike tsokanarsa da kogin falo. Yana nan inda ya bar shi, tsakanin taga da kujerarsa. Na koyi haɗa ruwan gishirin da kaina, kifayen nan masu ratsi sun yi ɓul-ɓul, 'yan murjanin da suka rage a kan dutse ma suna nan da ransu. Sai dai fitilar da ke samansu ta tsufa, haskenta ya dushe, duk sun koma kalar ƙasa. Shi murjani abu ne mai rai, kuma haske ne abincinsa.

Jiya na je shagon masu kayan kifi. Mai shagon ya jera mini fitilu. Akwai mai arha, fara fat, wadda ya ce gansakuka kawai za ta tara mini. Akwai wata ƙatuwa kamar ta filin ƙwallo, ta fi ƙarfin ɗan akwatina. Na zaɓi madaidaiciya mai shuɗi da fari, mai maɓallin ragewa da ƙarawa. Ya ja mini kunne sosai kada in sakar mata ƙarfi gaba ɗaya. Wai murjanin da ya saba da duhu-duhu, in aka watsa masa haske lokaci guda, fari yake yi kamar ƙashi ya mutu. Daga ƙasa ake farawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ina rungume da kwalin a hanya, wa zai faɗo mini a rai in ba Sarkin Sani ba, ƙanin marigayi. Kin tuna lokacin da nake jinyar marigayi a asibiti, yara suna wajenki, shi ya tare a gidanmu don tsaro. Abu ɗaya na roƙe shi, ya bar fitilar nan a jone. Da aka sallamo marigayi, muka tarar da koren murjaninsa, wanda ya raina tun yana kamar ƙwayar wake har ya kai tafin hannu, ya ruɓe. Sarkin Sani ya dubi idon yayansa ya ce ai a zare ya tarar da wayar, ni na zare kafin in fita. Marigayi kallona kawai ya yi ya juya kai, kuma da wannan kallon ya bar duniya. Har babbar 'yata ta yarda ni ce.

To watan jiya faccalata, matarsa, ta fasa ƙwai. Shi ya zare, don hasken yana kashe masa hoton talabijin. Yanzu kuma ya kafa nasa akwatin a ofis, yana nuna wa baƙi, wai hannun yayansa ya gada. An ce ƙanin miji abokin wasa ne, amma wallahi ni da wannan wasa ya ƙare. Na tsane shi, Yaya, kuma sai na rama.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa maigida ban gajiyar tafiya. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Saƙonki ya iso, na karanta har inda kika ce in za a gina ramin mugunta a gina shi gajere. To ni ban gina komai ba, Sarkin Sani ne ya zo da shebur ɗinsa.

Ya zo gaishe mu ranar hutu, ya tarar na ɗaura sabuwar fitila. Murjanina sun fara walwala cikin shuɗin nan, sai idonsa ya ƙi barin wajen. Kin san shi, ko tari na yi sai ya yi wanda ya fi nawa ƙara. Ya tambayi shagon, na kwatanta masa har da kwanar da zai sha. Ya tambayi yadda nake kunna ta, na ce yadda ya gani. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara ko harafi ba.

Faccalata ta ce ƙatuwar nan ta filin ƙwallo ya saya. Mai shago ya buɗe baki zai yi masa bayani, ya katse shi da cewa a gidansu aka haifi wannan sana'a. Ya rataye ta dab da ruwa, ya murɗe maɓallin har ƙarshe, tana ci tun safe har a rufe ofis. Wai masu shara ma sai sun kare ido.

Ni kuwa barcina nake yi har da minshari. Wanda ya kashe na wani da duhu, bari nasa ya mutu da haske. Kada ki yi mini wa'azi, na san duk abin da za ki ce.

A shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don ramin nan naki saura ƙiris ya rufta da ni.

Faccalata ta kira ni ta ce akwatin mijinta ya fara fari, ya kasa cin abinci. Na yi wanka, na sa kayana masu kyau, na tafi ofishin kallo. Yaya, murjanin nan da yake taƙama da su sun yi fari tas kamar an zuba alli. Shi kuma yana tsaye da gumi, yana ƙara gishiri, yana zagin mai shago. Daɗi ya cika ni har wuya.

Sai na sunkuya don in more kallon da kyau. A can gefe, a inuwar wani dutse, na ga kore. Na san shi kamar yadda na san fuskar 'ya'yana, da 'yan bakunansa masu kama da tauraro da bakin gefensa ruwan hoda. Na marigayi ne. Ashe da mugun nan ya ga ya fara lalacewa, ɓallar ɓangare mai lafiya ya yi ya ɓoye wa kansa, ya bar mini sauran da laifin. Kuma samansa ya riga ya fara fari.  Da na ƙara kwana ina jin daɗina, da hannuna zan ƙarasa abin da ya rage na mijina.

Ya ga fuskata, ya gane na gane. Ya shiga magiya, wai in na san maganin abin in taimake shi don zumunci. Na ce masa:

"Za ka ɗauko koren nan da hannunka ka kai gidan yayanka, ka gaya wa 'ya'yansa wanda ya zare waya. Sannan in buɗe baki."

Ya kawo, Yaya. A bokiti, ya hawo bene da shi, ruwa yana fallatsa masa a wando. Ya tsaya gaban kujerar marigayi, matarsa da yara suna kallo, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya zare. Babbar 'yata ta faɗo jikina tana kuka tana neman gafara. Sai da ya gama tsaf na ce ya je ya rage hasken ya ɗaga fitilar sama. Maganin ke nan gaba ɗaya. Ya tsaya baki buɗe, na nuna masa ƙofa.

Koren yana can ƙasan akwatina, na mayar da fitilar kan mafi ƙarancin haskenta saboda shi. Kwanaki ya yi a tsuke, sai yau da safe ya buɗe baki ɗaya. Na zauna a kujerar marigayi na yi kuka mai isata, don wanda na fi so ya ji maganar nan bai ji ba.

Na san za ki ce in yafe. Zan duba, amma ba wannan makon ba.

Ki gaida maigida, ki kula da ƙafar nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta