Ta'aziyyar Injiniya Silas Ɗanboyi da Matsayinmu Kan Rumfar Gwajinsa

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Injiniyoyi da Makanikai ta Ƙasar Katagum ta samu labarin rasuwar mataimakin shugabanta, dattijo mai mutunci, Injiniya Silas Ɗanboyi, wanda ya rasu ranar Talatar makon jiya a gidansa da ke Azare bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayin ɗan malamin asibiti ne daga Bogoro, amma a Azare aka haife shi, kuma nan ya zaɓa ya dawo bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injinan jiragen sama a Legas da Kano. Abu ɗaya ya hana shi sukuni duk tsawon aikinsa, wato baƙin hayaƙin da jirgi ke bari a baya in ya tashi. Mu nan mun saba cewa motar da ke turnuƙe hanyar Gamawa da hayaƙi ita ce mai ƙarfi. Shi kuwa ya sha gaya mana, ba tare da sakaya magana ba, cewa hayaƙi mai ne da aka saya aka zubar a huhun jama'a.

Da ya yi ritaya, sai ya ɗauko sassan wani mataccen injin jirgi a tirela, ya kafa rumfar gwaji a bayan gidansa. Yakan ɗauki gwangwanayen ƙarfen da kananzir ke ƙonewa a cikinsu, ya sauya musu wuraren hujin da iska ke shiga, ya kunna wuta, maƙwabta su toshe kunne. Baƙin da ya manne a cikin kowane gwangwani shi ke nuna masa inda mai bai ƙone ba, don haka ba ya wanke ko ɗaya. Jera su yake yi a kan benci, daga mafi baƙi zuwa mai dama-dama, kuma a bana jerin ya kusa kaiwa inda yake nema, wato gwangwanin da zai ƙone mai ba tare da hayaƙi ba.

Ya zama dole mu yi wa jama'a bayanin abin da ya faru a ranar zaman makoki, domin surutu ya yi yawa. Da baƙi suka cika gida, uwargidan marigayin, Malama Phoebe, ta ba da izini a gyara rumfar don a samu wurin zama. Matan zumunta na coci tare da maƙwabciyarta Hajiya Adda suka tarar da ƙarafa sun yi baƙi ƙirin, suka ga bai dace baƙin kunya su ga kayan mamaci a haka ba. Suka sa toka da yashi suka dirje su tas, har suna sheƙi. Aikin shekaru ya bi ruwan wanki.

Mun samu labarin cewa wasu na yawo da maganar wai matarsa ce ta binne aikinsa tare da shi, har ta daina fitowa karɓar gaisuwa, Hajiya Adda kuma ta kasa haɗa ido da ita. Wannan ya ƙona mana rai matuƙa. Ƙungiya tana shaida wa kowa cewa waɗannan bayin Allah ƙauna ce ta sa su, kuma in akwai sakaci, namu ne mu da muka san amfanin baƙin ƙarafan nan amma muka tsaya a ƙofar gida muna musabaha.

Muna roƙon Allah ya ba Malama Phoebe, da 'yarsu Abigel, da dangi na Bogoro da na Azare haƙurin jure wannan babban rashi, ya kuma sanyaya musu zuciya.

Ga maƙeran da suka fara taya ƙarafan kuwa, su yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne. Huji bai wanku ba, yana nan inda marigayin ya huda shi. Da zarar an tashi daga makoki, za mu sake ƙona gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ci mu shekaru, har mu mayar da jerin yadda yake mu ɗora daga nan. Jiya mun kai wa Malama Phoebe wannan ƙuduri. Ta miƙo mana mabuɗin rumfar da hannunta, sannan ta aika a kira mata Hajiya Adda.

Alhaji Babayo Jalo Chinade
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Injiniyoyi da Makanikai ta Ƙasar Katagum
Azare, 18 ga Oktoba, 1993